Baƙin Kai

Wata goma sha ɗaya ina zubin adashi,
ribar awara, yau ɗari biyu, gobe ɗari uku,
har kwasa ta zo kaina wata Talata.
Na ƙulle kuɗin a bakin zane,
na bi bayan masu albasa zuwa kasuwar Mafara.

Sababbin suna jere cikin kwali,
farare tas, kowanne da igiyar wuta.
Na tambayi kuɗi, na yi dariya, mai shagon ya taya ni.
Wutar ma a unguwarmu baƙuwa ce,
ta leƙo, ta gaishe mu, ta koma.

Can bayan rumfar 'yan gwangwan
Labbo makaniki ya yaye wani buhu:
baƙin kai, keken ƙafa,
ruwan zinariyar jikinsa duk ya koɗe,
malam-buɗe-littafin goshinsa fiffike ɗaya ya rage.
"Wanga ya girme ki," in ji Labbo,
"ya girmi auren uwarki.
Ki ba shi mai, shi ba ki ɗinki."
Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya kau da kai.
Sai da na juya baya ya ce in kawo.
A amalanke muka shigo gida.

Kwana uku yana gwada ni.
Ya tsinke zare, ya haɗiye ƙyalle,
ya yi tsalle ya bar taki uku fayau,
ya karya allura biyu a daren farko,
ta uku ta sami ɗan yatsana.
Maigida ya leƙo: "Hakama,
da kuɗinki kin sayo rigima."
Ban tanka ba.
Na ɗebo kananzir da tsohon buroshi,
na zaƙulo audugar shekaru daga haƙoransa,
na ɗaure bel da waya,
na ɗiga masa mai a kowace 'yar kafa
kamar mai ba jinjiri magani.

A aljihun teburin, can ƙurya,
na tarar da littafi, gara ta ci bangonsa,
ajami da fensir, hannun mace:
Ige, kafaɗa sha biyar.
Ɗan Kuluwa, wandon makaranta, kyauta.
Marka, riga da zane, ta biya rabi.
Mai rubutun ba ta sa sunanta ba.

Rana ta huɗu ya saki murya.
Ƙafata ta gane takunsa,
cakar-cakar, cakar-cakar,
in ya yi goma sai ya ɗan yi tari,
ya ci gaba.
Kalmasar ta karkace, amma kalmasa ce.

Bayan la'asar wata tsohuwa ta yi sallama,
sanda a gaba, ita a baya.
"Daga lungu na jiyo shi.
Wanga keken Tumba na, na san tarinai."
Ta zauna kan turmi ba a ce ta zauna ba,
ta shafa kan baƙin kamar kan jika.
Na ce, "Iya, wa ke nan?"
Ta ce, "Marka."

Na buɗe littafin, na karanta mata layinta.
Ta yi shiru. Sai ta fashe da dariya
har hawaye ya gangaro.
"Tumba ke nan! Ta tafi, ba ta yafe ba."
Ta kwance bakin zane,
ta miƙo naira hamsin duk ta yamutse.
Na ce ba nawa ba ne.
Ta ce, "Ba naki na ba. Bashin keke na."

Da dare, a hasken 'yar tocila,
na rubuta ƙarƙashin sunanta: ta cika.
Na sayi allura da kuɗin.
Akwai sauran shafi bakwai farare a littafin.
Na fere fensir.